Ɗakunan Tarihin Mata: Daga Birnin Meksiko Zuwa Ƙasar Dutse

  

Shugabar wannan zama, Allah ya ƙara girma. Wakilin Mai Martaba Sarkin Dutse, Allah ya ja zamanin sarki. Hakimai da dagatai da suka samu halarta, malamanmu na jami'a da na zaure, iyayenmu mata da na ga sun cika layin gaba, wasu tun daga Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ɗalibai maza da mata, jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullah. 

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne wani gidan tarihi da ke birnin Meksiko, wanda aka keɓe wa tarihin matan ƙasar kaɗai. Na san akwai wanda ya karanta takardar gayyata ya ce a ransa, to mu ina ruwanmu da Meksiko? Ƙasa ce can kudu da Amurka, ba mu haɗa harshe ba, ba mu haɗa addini ba, samarinmu ma a fagen ƙwallo suka san sunanta. Amma ku tambayi dillalan zoɓo na Maigatari. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa, Meksiko ce babbar mai sayensa, can ma jiƙa shi suke yi su sa sukari su sha. Su wa ke zama a tsince shi, a ware ƙasa da kara kafin a ɗura a buhu? Kun san amsa. Ashe hannun matanmu ya daɗe da isa Meksiko, sunansu ne bai isa ko'ina ba. Zan zagaya da ku cikin gidan tarihin nan, sannan mu dawo gida mu tambayi kanmu: da za a buɗe irinsa a Dutse, me za mu sa a ciki, kuma sunan wa za mu rubuta a jiki?

Na ɗaya: gidan da waɗanda suka kafa shi

Sunansa Museo de la Mujer. Yana tsohon birni, a lamba 17 kan titin República de Bolivia, tafiyar ƙafa daga babban dandalin birnin. An buɗe shi ranar 8 ga Maris, 2011, ranar mata ta duniya. Ku lura da shekarar: ita ce shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Gidan tarihin nan sa'an jami'armu ne, ba abin kaka da kakanni ba ne.

Wanda ya ji an ce gidan tarihi zai zaci katafaren gini ne na biliyoyi. Tsohon gida ne da babbar jami'ar ƙasar, UNAM, ta taɓa ajiye maɗaba'arta a ciki. Wata malamar tarihi, Patricia Galeana, ita da ƙungiyar matan da suka yi karatun jami'a a ƙasar, su suka dage har jami'a ta ba da ginin. Ɗakuna 8 ne na nuni, da ɗakin karatu, da wurin da ake lacca da bita. Tsohon gida, jami'a, da mata masu naci: da waɗannan aka yi shi.

Ba su suka fara ba. Na birnin Bon a Jamus ya buɗe tun 1981. Idan kuma wani zai ce wannan ai harkar Turawa ce, to a Sanagal, ƙasar da kusan duk Musulmi ne, 'yar jarida Annette Mbaye d'Erneville ta buɗe gidan tarihin mata a tsibirin Gore a 1994, daga baya aka mai da shi cikin Dakar. A nan gida, cibiyar bunƙasa mata ta ƙasa da ke Abuja tana da zauren da aka jera sunaye da hotunan matan da suka yi fice. Abu ne mai kyau, amma na waɗanda suka riga suka yi suna ne. Zan dawo kan wannan.

Na biyu: abin da mai ziyara zai gani

An jera ɗakunan bisa zamani. Mutum zai fara da Meksiko ta dā, kafin Sifaniyawa su ci babban birnin Aztek a 1521, ya shiga shekaru 300 na mulkin mallaka, ya wuce yaƙin neman 'yanci, da juyin juya hali, har ya iso yau.

A ɗakin zamanin mallaka ne za a gamu da matar da na fi so mu tsaya a kanta, Sor Juana Inés de la Cruz. A lokacinta mace 'yar gidan mutunci hanya biyu gare ta: ko ɗakin miji, ko gidan ibada na mata Kirista waɗanda ba sa aure. Jami'a ta maza ce. Ita kuwa karatu take so, sai ta zaɓi gidan ibada don a bar ta da littattafanta. Ta tara dubban littattafai, ta rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, ta yi muhawara da manyan malaman coci. Da wani babban limami ya tsawata mata cewa ta koma ga ibada ta bar abin da ba na mata ba, ta mayar masa da doguwar amsa a 1691 tana kare haƙƙin mace na neman ilimi. Ƙarshenta aka matsa mata har ta rabu da littattafan, ta ajiye alƙalami. Ta rasu a 1695 tana jinyar 'yan'uwanta a wata annoba. Yau hotonta ne a takardar kuɗin ƙasar.

Iyayena mata, na ga wasunku suna gyaɗa kai, na san wadda kuka tuna. Shekara 98 bayan rasuwar Sor Juana, a 1793, aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ita ma ta yi rubutu, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Sai dai labarin biyun ya rabu a wuri mai muhimmanci. Asma'u ba a ƙwace mata alƙalami ba. Mahaifinta ya karantar da ita, kuma a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yayanta Sarkin Musulmi Bello yana shawara da ita, mijinta Waziri Giɗaɗo abokin aikinta ne. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suna kai karatu ƙauye ƙauye har ta rasu a 1864. To a wannan gaɓar mu muka fi su abin nunawa. Amma su sun ware wa tasu wuri a gidan tarihi, suna kai 'yan makaranta su gani. Mu fa, yarinya 'yar aji uku a Miga ko Buji, ina za a kai ta ta ga shafi ɗaya na waƙar Asma'u da ajami, ko malfar jaji?

Ɗakin yaƙin 'yanci yana da mata biyu da kowane yaro a Meksiko ya san su. Josefa Ortiz matar babban jami'in garin Querétaro ce. A Satumbar 1810 asirin masu shirin tawaye ya tonu, mijinta ya kulle ta a ɗaki don kada ta sa kanta a uku, amma duk da haka ta san yadda ta yi saƙo ya fita, aka ta da yaƙin kafin a kama su. Leona Vicario kuwa 'yar masu dukiya ce, ta ƙarar da gadonta wajen sayen makamai da magani, aka tsare ta a 1813, ta tsere ta bi mayaƙa daji. Gaba kaɗan sai hotunan juyin juya halin 1910: mata a kan rufin jirgin ƙasa, da goyo, da tukunya, wasu da bindiga. Su ke dafa wa runduna abinci, su yi jinyar wanda aka harba, su binne wanda ya mutu. Littattafan tarihi sun daɗe suna lissafa janar-janar, ba su tambayi wa ya ciyar da sojan ba.

Sai maganar ƙuri'a. Matan Meksiko sun yi babban taronsu na farko a Yukatan a 1916, ba su samu cikakken ikon zaɓe ba sai ranar 17 ga Oktoba, 1953. Bayan shekara 71, ranar 1 ga Oktoba, 2024, aka rantsar da Claudia Sheinbaum shugabar ƙasa. Matan Arewacin Najeriya sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a, a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓe a 1979, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana tun zamanin NEPU. A cikin zauren nan akwai iyaye da suka yi aure, suka haihu, kafin a yarda su dangwala yatsa.

Kada in bar ku da zaton Meksiko aljannar mata ce. Alƙaluman hukumomin ƙasar na shekarun nan suna nuna ana kashe mata kusan 10 a kowace rana. Gidan tarihi bai hana wannan ba, kuma ba zai hana ba. Abin da na yaba musu shi ne ba su mai da shi gidan kirari ba, ana zama a cikinsa a tattauna wannan masifar a fili.

Na uku: ina matan ƙasar Dutse a rubuce?

Mu dawo gida. Tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ambaci Dutse a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda aka ƙiyasta ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Littafin ya ce shi ne sarkin da ya fara auren 'yar Sarkin Dutse, da 'yar Sarkin Shira, da 'yar Sarkin Rano. Wannan baiwar Allah tana cikin mutanen Dutse na farko da alƙalami ya taɓa. Aurenta ya ƙulla zumunci tsakanin garuruwa biyu. Me sunanta? Marubucin bai faɗa ba. 'Yar wane ce, matar wane ce, shi ke nan. Shekara kusan 600 ke nan, kuma har yau haka muke rubuta mata.

Bari mu gwada a nan. Wanda ya san sunan kakan mahaifinsa na wajen uba, ya ɗaga hannu. Madalla, hannuwa da yawa. To wanda ya san sunan yanka na kakar mahaifiyarsa ta wajen uwa fa? Ban ce Goggo ko Inna ko Iya ko Hajiya Babba ba, sunan da aka raɗa mata ranar suna. Kun gani.

Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Kunya ce da ladabi. Ɗa ba ya kiran sunan uwarsa gatsau, idan an mayar wa jaririya sunan kaka sai a sa mata laƙabi, a ce Ummi ko Mama ko Walida, don kada a riƙa kiran sunan a tsakar gida. Ina ganin kyan wannan al'ada, ba kuma na kira a bar ta. Amma abin da baki ke jin nauyin faɗa, alƙalami zai iya ajiyewa. Mu mun bar bakin ya yi shiru, alƙalamin ma ya yi shiru. Tarihinmu da ke rubuce kamar zaure ne: nan ake sallama, nan ake ganin mai gida da baƙinsa, amma wanda ya tsaya a zaure bai ga gidan ba.

Malamai, Allah ya gafarta muku, na san tambayar da ke zuwa: shin bayyana sunayen mata da labarinsu bai saɓa wa sutura ba? Ku kuka fi ni sani. Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230 bayan hijira, ya ware juzu'i guda na littafinsa Ɗabaƙat ga mata, da sunansu da na iyayensu da na mazajensu. Imam Sakhawi na Masar, a ƙarni na 9 na hijira, ya rufe babban littafinsa na tarihin mutanen zamaninsa da juzu'in da ya ƙunshi mata sama da 1,000. A zamaninmu Shaikh Akram Nadwi ya tattara tarihin mata masu ruwaito hadisi a juzu'i 43. Nana Asma'u kanta ta yi waƙar Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta jero su da sunayensu, ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya, mace talaka wadda ba sarauta ba dukiya, don kawai halinta na kirki. Rubuta sunan mace ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Mu ne muka yi sakaci.

Akwai kuma misali ɗaya da ya nuna abin da ake samu idan an zauna an saurari tsohuwa. Tsakanin 1949 da 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya, Mary Smith, ta riƙa zama da wata dattijuwa tana rubuta abin da take faɗa. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta yi sarauta ba, ba ta yi boko ba. Amma daga bakinta duniya ta ji yadda ake zaman rinji, yadda mahara ke kama mutane a je a fanso su, yadda zuwan Turawa ya kasance a idon matan cikin gida, yadda ake ƙulla ƙawance da riƙon 'ya'ya da zaman kishi. Mijin Mary, M. G. Smith, babban masani ne, ya rubuta littattafai a kan sarautar Zazzau da Daura da Kano, amma wannan labarin ya fi ƙarfinsa, domin shi namiji ne, iyakarsa ƙofar gida. Baba ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da babu littafin. Baba nawa muka binne a Dutse daga 1991 da aka ƙirƙiro jihar nan zuwa yau?

Na huɗu: abin da za mu sa a namu ɗakunan

A nan ne nake ganin bai kamata mu kwafi Meksiko ido rufe ba. Nasu an gina shi a kan fitattun mata da gwagwarmayar siyasa, kuma ya dace da tarihinsu. Idan muka bi wannan layin kaɗai, za mu rataya hoton Daurama da Sarauniya Amina da Asma'u da Gambo Sawaba, mu ƙara da matan gwamnoni, mu kulle ƙofa. Duk sun cancanta, amma ko ɗaya a cikin huɗun nan ba 'yar ƙasar Dutse ba ce. Ƙarfin tarihin matanmu yana cikin aikin hannunsu.

Ku ɗauki kaɗi. Yaran yanzu ba su taɓa gani ba, bari in kwatanta. Za a kawo auduga da 'ya'yanta. Mace ta ɗora ta a kan dutsen gurza, ta murza da ɗan sandan ƙarfe har angurya ta fita. Ta ɗauko bakan shiɓa ta shiɓe ta ta yi laushi, ta naɗa a kara. Sannan ta zauna, ta kafa mazari a cikin 'yar tasa ko sakaina, ta shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, hannun hagu a sama da audugar, na dama yana murza mazari. Idan mai kauri ake so ta yi abawa, idan na babbar riga ne ta ja shi siriri. Da rana bayan an sauke tukunya, da dare a gaban fitilar aci-bal-bal, ana kaɗi ana tatsuniya. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus. A lokacin ƙasar Dutse tana cikin masarautar Kano. Masaƙa da marina da madunka da fatake, duk an rubuta labarinsu. Amma kowane zare a cikin waɗannan tufafi, mace ce ta kaɗa shi. Masana'antar da ta fi kowace girma a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 a kan mazari take tsaye.

Na taɓa shiga wani gidan tarihi a Arewa, ba zan faɗi wanne ba. An jera takubba, kowanne da takardarsa: na sarki wane, ya yi yaƙi kaza da shi. A can lungu sai wani akwatin gilashi mai ƙura, an zuba mazari da muciya da zunguru da warwaro a ciki, an rubuta kalma biyu: kayan mata. Wace mace? Daga wane gari? Wace shekara? Takobi yana da suna, mazari ba shi da shi.

Sai jere. In dai ana neman gidan tarihin mata a ƙasar Hausa, ai kowace amarya ta taɓa gina nata a bangon ɗakinta. Kakanninmu ƙore suka jera, fafaffu, masu zane, an ɗora a kan juna da faifai a rufe. Aka koma tasoshi. Bayan yaƙin duniya na biyu kwanon fenti ya cika kasuwa, aka shiga zamanin langa da fanteka da kwalla da gado mai rumfa. Daga nan tangaran da samira, yau kuma kuloli da kabad mai gilashi. Wanda ya iya karanta jere zai gaya maka shekarun da aka yi auren, da ƙarfin gidan da amarya ta fito, da irin kayan da fatake ke kawowa a lokacin. Kuma jere ba ado kaɗai ba ne, taska ce. Uwa tana tara shi da kuɗin ƙuli-ƙuli da daddawa da adashi tun 'yarta tana goye, idan kuma shekara ta yi tsanani a zare kwano ɗaya a kai kasuwar Shuwarin a sayo hatsi. Ina waɗannan kaya yanzu? Tsohuwa ta rasu, a raba gado, jikoki su ga tarkace ne, ɗan gwangwan ya zo da kura ya auna a kilo.

Akwai ɗakin da zai yi ɗaci, kuma dole a gina shi. A ƙarni na 19 Birnin Kudu da Gwaram da Dutse suna bakin iyaka da Ningi, hari ba ya ƙarewa, kuma waɗanda aka fi kwashewa mata ne da yara. Mu ma namu mayaƙan sun kamo na wasu. A gidaje da yawa akwai kaka wadda aka san ba 'yar garin ba ce, aka sauya mata suna, ba a son tada maganar. Akwai yunwar 1914 da farin 1973, kuma matan da suka tona gidan tururuwa neman tsaba, suka dafa tafasa da yaɗiya suka rufa wa gida asiri, su suka san yadda aka rayu. Akwai haihuwa: ungozoma da askarta, wankan jego na kwana 40, kunun kanwa, da abin da likitocin Zariya suka gano tun shekarun 1970 na alaƙar yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciya. Akwai matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008. Wace ce ungozomar farko da ta yi karatun asibiti a masarautar nan? Wace yarinya ce aka fara kaiwa makarantar boko daga Dutse, kuma me aka ce wa ubanta a gari? Akwai masu amsar nan da rai.

Kada kuma a manta da nishaɗi, don kada mai ziyara ya fita da hawaye kaɗai: shantu, kiɗan ƙwarya, waƙoƙin daɓe da na niƙa da na gaɗa, habaicin kishiyoyi da ake sakawa a sunan zane. Mun je Birnin Kudu mun ga zanen shanu a jikin duwatsu, gwamnatin tarayya tana kula da su. Waƙar da kakarka take yi a kan dutsen niƙa ba ta da mai gadi.

Na biyar: ta ina za a fara?

Ba da kwangila ba. In aka fara da maganar gini, za a aza harsashi, a yanka kyalle, shekara biyar a dawo a tarar da awaki a ciki. A fara da littafin rajista da wayar hannu.

Aikin na 'yan mata ne da matan aure, domin ni da nake tsaye a nan, duk karatuna, in na je ƙofar gida sai an ce a jira a zaure. Muna da ɗalibai mata a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, muna da dubban matan Islamiyya a kowace unguwa. Kowace ta zauna da tsohuwa ɗaya a danginta, ta nemi izininta, ta ɗauki muryarta. Ba a zuwa da takardar tambayoyi ashirin kamar ma'aikacin ƙidaya. A je da goro, a zauna a tabarma, a ce, "Iya, ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidan nan," sai a yi shiru. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, amma za ta ce shekarar da aka yi fāra, ko zamanin hakimi wane, ko kafin a canza kuɗi daga fam zuwa naira, wato kafin 1973. Daga nan mai bincike zai fitar da lissafi. Abin da ta ce kada a faɗa sai bayan ranta, a riƙe mata amana. Wadda ba ta son hoto, a ɗauki hannunta da kayan aikinta.

Kaya kuwa, kowanne a ba shi lamba, a rubuta sunan mai shi, da garinsu, da yadda ta same shi, da wanda ya kawo. Kada a matsa wa kowa ya bayar kyauta, a karɓa aro da takarda, duk ranar da iyali suka so su karɓi abinsu. Maƙiyan wannan aiki su ne gara da asu da ɗigon damina, saboda haka ɗaki ɗaya mai rufin kirki da katakon jeri da ya ɗaga daga ƙasa ya fi babban zaure mai yoyo. Ina roƙon wakilin Mai Martaba ya isar da wannan ga fada, ina kuma roƙon shugabannin jami'a: ɗaki ɗaya, da ma'aikaciya ɗaya da za a ce wannan ne aikinta. A ware rana guda a mako ta mata zalla, don wadda maigidanta ba zai so ta shiga cakuɗa ba ita ma ta zo ta ga kwallar uwarta. Masarautun Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim kowace tana da nata labarin, in Dutse ta fara za su ga yadda ake yi.

Shugabar zama ta ɗago mini takarda, na ga lokaci ya ƙure.   Yanzu fili na tambaya ne da gyara. Ina roƙon a fara miƙa lasifika ga iyayenmu na layin gaba, musamman in akwai wadda ta yi kaɗi da hannunta, daga nan sai ɗalibai.